Daga Ina Hasken Ya Fito? Lacca Ga Ɗaliban Fim a Sabon Tasha

 Waɗanda suka taso tun da sassafe daga Kafanchan da Zonkwa da Kachia, sannunku da hanya. Na san titin, na kuma san abin da yake yi wa ƙugu.

Na zo da fitila guda ɗaya mai caji, da farin zanin gado na uwargida, wanda ba ta san na ɗauko ba, da tiren silba, da baƙin mayafi. Kayan laccar ke nan gaba ɗaya. Wanda ya zo da fatan ganin akwatunan ƙarfe daga Legas ya yi haƙuri.

Na yi hakan da gangan, domin kukan da na fi ji daga bakin ɗalibai shi ne ba mu da kayan aiki. To, a cikin garin nan na Kaduna ne wasu samari da suka kira kansu The Critics suka riƙa yin gajerun finafinan ƙirƙirar kimiyya da wayar hannu mai fasasshen gilashi da koren yadi, suna koyon tace hoto daga YouTube. A 2019 labarinsu ya zaga duniya, a 2020 kuma J.J. Abrams, mutumin da ya ba da umarnin finafinan Star Wars biyu, ya aiko musu da kaya daga Amurka. Ku lura da jerin yadda abin ya faru: aikin ne ya riga kayan zuwa. Kuma duk wanda ya taɓa gwada koren yadin nan ya san in haske bai bazu a kansa daidai ba, ko inuwar ɗan wasa ta faɗa masa, kwamfuta ba za ta cire shi da tsabta ba. Tilas ce ta sa yaran nan suka koyi kallon haske.

Na kalli finafinan da kuka turo mini. Labaranku suna da daɗi, wasu 'yan wasanku sun fi na cikin talabijin. Amma kusan duka ciwo ɗaya ke damunsu. Tambayar da kuke yi a lokeshan ita ce, ana gani? In ana gani, sai a ce a ɗauka. Tambayar da nake so ku koma gida da ita daban ce: daga ina hasken nan ya fito, kuma yaya girman abin da ya fito daga cikinsa?

Ba ku kuka fara wannan ciwo ba, mu muka gadar muku. Lokacin da fim ɗin bidiyo ya kankama bayan Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kyamarorin kaset ɗin da ake aiki da su ba sa jure duhu. Da haske ya ragu sai hoton ya cika da yashi. Saboda haka muka tashi da tsoron inuwa kamar yadda yaro ke tsoron dodo. Mukan ɗauko fitilar halojin mai wat 500 ko 1,000, irin ta masu gadi, mu dasa ta a gefen kyamara, mu watsa wa mutum a fuska. Na taɓa ɗaukar wata fitowa inda miji zai hure aci-bal-bal ya kwanta. Ya hure ta, ta mutu, ɗakin kuma bai ko girgiza ba, fes kamar azahar. Ban ga laifin ba sai ranar da wata tsohuwa a gidanmu ta kalla ta ce, wannan mutum me ya kashe? Gani ya kori ji, tun daga ranar na shiga taitayina.

Yanzu a taimaka a kashe fitilun zauren. Ƙanwata ta layin gaba, zo ki zauna a kujerar nan, ki dubi jama'a. Kada ki yi komai da fuskarki.

Ga fitila a daidai inda kyamara za ta tsaya, tana kallonta ido da ido. Kuna ganin komai, amma hancinta ya shafe, kumatunta sun baje, ga inuwarta manne a bango kamar an liƙa. Hoton fasfo ke nan. Yanzu na matsa gefe, kusan rabin hanya tsakanin gabanta da kunnenta, na ɗaga fitilar ta ɗan wuce kanta. Ku dubi kuncin da ke nesa da ni. Inuwar hanci ta sauka ta haɗu da ta kunci, ta bar wani ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin ido. Masu sana'a suna kiran wannan da sunan Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan na ƙarni na 17. Fuskar ta samu tudu da kwari. Yarinyar ba ta motsa ba, amma yanzu kun fara tunanin akwai abin da take tunani.

Na ƙara matsawa har na yi daidai da kunnenta. Rabin fuska ya tafi. In labarinku na mutum ne mai zuciya biyu, ko wanda zai faɗi abin da ba shi ne a ransa ba, ga shi an faɗa ba tare da ya buɗe baki ba. Daga sama kuwa, tsaye a kan kai, kwarmin ido ya zama rami. Gordon Willis ya yi wa Marlon Brando haka a The Godfather a 1972, har ba ka iya ganin idon dattijon, ba ka san abin da yake shiryawa ba. Shi ya yi da niyya. Ku kuma kuna yi kullum ba da niyya ba, domin ƙwan fitilar ɗakunanmu a tsakiyar silin yake. Daga ƙasa, wannan kun san shi tun kuna yara kuna tsorata juna da tocila, ba sai na tsaya ba.

Wanda na fi ƙauna shi ne na baya. Na koma bayanta, na ɓoye fitilar daga idonku. Fuskar ta yi duhu, amma ga zaren haske ya zagaye ɗankwalinta da kafaɗarta, ya ɓamɓare ta daga bango. Ɗan'uwa, riƙe tiren nan a gabanta ka karkata shi sannu. Kun gani? Fitilar ɗaya ce, amma ta yi aikin biyu. Kusan duk hoton da kuka taɓa gani a fim ya burge ku, in kun koma kun duba, za ku tarar babban hasken daga gefe ko daga baya yake zuwa, kyamara tana kallon ɓangaren fuskar da ke cikin inuwa.

Wannan batun alƙibla ke nan. Saura batun kaifi da laushi, inda aka fi ruɗewa.

Ɗalibai da yawa suna zaton haske mai laushi shi ne mai rauni. A'a. Ku dubi bakin inuwar hancinta yanzu, kamar an yanka da reza. In na rage ƙarfin fitilar, hoton zai dushe, amma bakin inuwar yana nan da kaifinsa. Yanzu mutum biyu su miƙe zanin nan tsakanina da ita. Inuwar ta narke, ba ka iya nuna inda ta fara. Abin da ya sauya shi ne girman mafarin hasken. Ɗazu abu ne kamar tafin hannu ke haska ta, yanzu zani guda ne. Ku matso da zanin dab da ita, laushin ya ƙaru. Ku ja shi can ƙarshen zaure, kaifin ya fara dawowa, domin a wurinta zanin ya ƙanƙance. Shi ya sa rana, duk girmanta, take da kaifi: nisanta ya sa babban yatsanka yana iya rufe ta. Da gajimare ya shiga tsakani, sai sararin sama gaba ɗaya ya zama fitilar.

Akwai lissafi ɗaya tak da zan ɗora muku. In ka ninka nisan da ke tsakanin fitila da mutum, hasken da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, ba rabi ba. Amfaninsa a lokeshan yana da yawa. Kana so bango ya yi duhu, fuska ta fito? Janye mutum daga bango, matso da fitila kusa da shi. Kuna da al'adar jingina 'yan wasa da bango kamar masu jiran a ɗauke su hoton katin zaɓe. Taku uku kawai za ku ja su gaba, ɗakin ya samu zurfi.

Tunda mu mutanen arewa mun tashi da finafinan Indiya, bari in ba ku labarin wani Ba'indiye da ba a kallon aikinsa a gidajenmu. Subrata Mitra shi ne mai kyamarar Satyajit Ray. A fim ɗin Aparajito na 1956 suna buƙatar tsakar gida irin na birnin Banaras, wanda haske ke sauko masa daga sama ba tare da inuwa mai kaifi ba, amma tsoron ruwan damina ya sa aka gina gidan a cikin situdiyo. Sai Mitra ya shimfiɗa farin yadi a saman wurin, ya juya fitilunsa suna haska yadin, yadin kuma ya mayar da hasken ƙasa. Masu kallo suka ɗauka sararin sama ne. Wannan dabara ta mayar da haske yau duniya duka na amfani da ita, kuma farin yadi ne asalinta. Tsakar gidan da aka wahala aka gina, ku kuna da shi kyauta a Unguwan Boro da Unguwan Sunday da kowane gida a Kagoro. Bakin ƙofar ɗaki, inda hasken tsakar gida ke shigowa ta gefe, ya fi situdiyo da yawa da na shiga.

Mu fita waje, wurin babbar fitilar da ba ta jiran NEPA. Hausa ta riga ta yanka mana yini gunduwa-gunduwa: fitowar rana, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru. Kowanne haskensa daban. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a watan Afrilu da na Agusta rana takan tsaya cak a kan kai da tsakar rana. Wanda ya ɗauki fuska a fili a wannan lokaci ya samu idon Brando ko yana so ko ba ya so. Sai a shiga ƙarƙashin mangwaro, amma a kula da ɗigon hasken da ke ratsa ganye, yana yawo a fuska kamar ƙyasfi. Ko a ɗaga zani a kan ɗan wasa, ko a je a ci abinci. A Disamba kuwa rana tana karkata kudu da kusan digiri 34, saboda haka tagar da ke kallon arewa ba ta samun rana kai tsaye duk tsawon hunturu. Haskenta yana zaune lafiya daga safe har yamma. In kuna da doguwar hira da za ta ci muku yini, ku nemi wannan tagar. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, wanda ya fara ɗaukar miji da hantsi ya ƙare matar da azahar zai sha kunya a wurin tacewa.

Hazon hunturu kyauta ce da masu fim na wasu ƙasashe suke sayen injin hayaƙi don su kwaikwaya. Yana tausasa rana, yana jera duwatsu baya da baya, na kusa baƙi, na nesa toka-toka. Wanda ya tsaya ya dubi dutsen Kagoro da safe a lokacin bikin Afan na 1 ga Janairu ya san abin da nake nufi. Illarsa ita ce yana shanye launi, yana kuma busar da fata ta yi furu-furu. Damina tana wanke iska, kore ya yi kore, amma gajimaren Kafanchan ba ya riƙe alƙawari, yanzu ya rufe, yanzu ya buɗe, kana tsakiyar magana.

Lokacin da kowa ke yabo shi ne daga la'asar sakaliya zuwa almuru. Néstor Almendros ya ci kyautar Oscar da Days of Heaven na 1978, wanda aka ɗauki sassa da dama nasa a irin wannan lokaci. Sai dai mu a nan rana ba ta jan ƙafa, a tsaye take faɗawa. Bayan ta ɓace, abin da ya rage maka bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Gwaji da gardama da neman batir duk a gama su tun la'asar.

Yanzu zan ɗan daɗe a kan abin da littattafan da kuke karantawa suke wucewa da sauri, wato fatarmu. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Binciken Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa daga cikin ƙorafin da ya sa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke kama launin ƙasa-ƙasa har da na masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Ku yi tunani a kan wannan. An gina ƙa'idojin a kan wata fuska, mu kuma muka karɓa, muka yanke cewa maganin baƙar fata shi ne a ƙara wuta. Sai a ƙara, goshi ya yi fari fat kamar an shafa alli, sauran fuskar ta yi toka.

Baƙar fata tana aiki kusa da yadda madubi ke aiki. Siffarta tana fitowa ne daga sheƙin abin da ke gabanta. In ka haska ta da ƙaramar fitila, ɗigo ɗaya mai zafi za ta nuna maka a goshi da karan hanci. In ka kawo mata faffaɗan abu mai haske, zani ko farin bango ko taga, sai ta ɗauki sheƙin ta shimfiɗa shi daga goshi zuwa kunci zuwa haɓa, kamar tukunyar Gbagyi da aka goge. Saboda haka ku daina faɗa wa mai kwalliya ta kashe fuska da hoda. Ɗan man kaɗanya kaɗan, musamman da hunturu, ya fi hodar amfani. Kuma baƙar fata tana karɓar launi da kyau, shuɗi da ja da ruwan zuma duk suna zama a kanta. Ku nemi Mother of George na 2013, na Andrew Dosunmu ɗan Najeriya, wanda Bradford Young ya ɗauka, ku ga mutumin da ba ya tsoron barin fuska cikin duhu. Ku nemi Mami Wata na C.J. Obasi, baƙi da fari ne, wanda Lílis Soares ta ci kyautar ɗaukar hoto da shi a bikin Sundance a 2023. Ku nemi Yeelen na Souleymane Cissé ɗan Mali, wanda ya ci kyautar alƙalai a Cannes a 1987. Sunan fim ɗin ma da yaren Bambara haske yake nufi.

Abokin gabar baƙar fuska a hoto shi ne farin tufa. Farin kaftani ranar Juma'a, farar rigar mawaƙan coci ranar Lahadi, rigar amarya. Wayarku tana ganin farin sai ta tsuke ido, fuskar ta nutse. Ku danna yatsa a kan fuskar ku riƙe har awon hasken ya kulle. In rigar taku ce, tsofaffin masu sana'a sukan tsoma ta a ruwan shayi ta ɗan dushe, a hoto kuma ta fito fara. In mutum biyu ne, ɗaya wankan tarwaɗa ɗaya baƙi wuluk, ku tuna lissafin ɗazu, ku sa baƙin kusa da fitila. Shi kuma baƙin mayafin nan da na zo da shi, aikinsa ragewa. A ɗaki mai farin fenti haske yana tsalle ko'ina ya cinye inuwa. Rataya mayafin a gefe ɗaya na fuska, kunci ya dawo.

Launin haske zan taɓa shi a gurguje. Hasken rana yana wajen 5,600 a ma'aunin Kelvin, tsohuwar fitilar fim mai zafi 3,200, kyandir ƙasa da 2,000. Idonka yana gyara bambancin, kyamara ba ta yi sai ka faɗa mata. In taga tana ba da shuɗi, ƙwan silin yana ba da kore-kore, kashe ɗaya. Yawanci na silin ne ya kamata ya mutu. Wutar ƙasar nan kuma tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ku saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa, saurin rufewarta ɗaya bisa 50. Wayoyi da yawa suna zuwa a saite kan 30, shi ne kuke ganin layuka suna gangarowa. Ƙaramin janareta kuwa saurinsa hawa da sauka yake yi, ga ƙara. Fitila mai batir mai kyau ta raba ku da duka biyun. In kun ari halojin, kada zani ya kusance ta. Na ga labule ya kama wuta a gidan mutanen da suka yi mana karamci, ban kuma manta fuskar matar gidan ba.

Dare ya rage. Stanley Kubrick, don ya ɗauki Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir, sai da ya nemo gilasan Zeiss da aka ƙera wa hukumar NASA. Wayar da ke aljihunku ba ta kai nan ba, amma ta fi kyamarar da na fara da ita ganin duhu nesa ba kusa ba. Ku taka zuwa bakin tasha bayan magariba ku tsaya ku duba kafin ku ɗaga waya. Garwashin mai tsire yana haska shi daga ƙasa da ja. Ƙwan mai shayi yana rataye a gefe, tururin butar yana kama haske daga baya. Fitilar Keke Napep tana share fuskoki ta wuce. Kowane haske a wurin yana da uba. In za ku ƙara taku fitilar, ku sa ta ta fito daga inda garwashin yake, da launinsa, mai kallo ya ɗauka shi ne. Kuma ku nemi izinin mutane kafin ku ɗauke su, ku sayi shayin.

Ga aikin da zan bar muku kafin haɗuwa ta gaba. Mace ɗaya, kujera ɗaya, jimla ɗaya da za ta faɗa, misali, na ji ka dawo. Ku kafe wayar kada ta motsa. Ku ɗauka sau takwas, fitila kaɗai za ta riƙa sauya wuri, huɗu a tsirara, huɗu ta bayan zani. Ku rubuta nisan da tsayin kowanne a littafi. Sannan ku nuna wa wani a gida wanda bai san fim ba, kaka ko ƙaramin yaro, ku cire sautin, ku tambaye shi a wanne matar take murna da dawowar, a wanne take shirin tattara kayanta.

Ƙanwata, na gode, koma wurinki, a tafa mata. Agogona ya ce biyar da rabi ta wuce. Tambayoyi za mu yi su a waje. Ku biyun nan ku riƙo zanin, kai kuma ɗauko tiren, akwai bangon da na gani ta yamma da zauren nan lokacin da nake shigowa, ina so mu same shi kafin inuwar gidan da ke kallonsa ta hau shi.